Kwalin Ƙosan Yaya

Yayata ta samu teburin sayar da ƙosai a bayan masallaci ne a shekarar da autarta ta shiga makaranta. Masallacin ba wani ginin a zo a gani ba ne. Tsohon shago ne a garin Wheaton, nan Amurka, tsakanin wani kantin kayan Afirka da wurin wankin tufafi, wanda mutanenmu suka kama haya suka shimfiɗa masa kafet. A bayansa akwai filin ajiye motoci, kuma a nan kwamitin masallacin ya yarda a riƙa kafa 'yan tebura ranar Juma'a. Wata mutuniyar Yamai tana kawo dambu, wata 'yar Kumasi tana da shinkafa da wake, sai wani dattijo mai turare da carbi. Masu son tebur sun fi teburan yawa. Yaya ta daɗe tana jira kafin wata ta ƙaura zuwa wata jiha, aka ce ta zo ta maye gurbinta.

Sai an san irin zaman da Yaya take yi kafin a gane matsayin teburin nan a wurinta. A Katsina malamar lissafi ce a makarantar sakandare, ba ta ratsa kasuwa ba tare da tsofaffin ɗalibai sun tsayar da ita ba. A nan kuwa takardunta ba su da aiki. Mijinta ya ajiye ta a wani gida mai kyau a Fort Washington, inda in ka leƙa taga ba ka ganin komai sai ciyawa da akwatin wasiƙu, maƙwabci kuma ya ɗaga maka hannu daga cikin mota ya wuce. Daga Asabar har Alhamis ba ta magana da wani babban mutum sai mijin, sai ni a waya idan na tashi daga aikin rediyo. Ranar Juma'a ce kawai take tsayawa bayan ɗan murhunta na gas, mutane suna kiran ta Malama, ta tambayi wannan jikin mahaifiyarsa, ta yi wa waccan tsiya a kan ɗaurin ɗankwali. Gidan bai rasa abin cefane ba. Ba don cefane take suyar ba, don Juma'ar take yi.

A farko tana zuba ƙosan ne a 'yar jakar takarda mai ruwan ƙasa, irin wadda yaran Amurka ke zuwa da abinci makaranta a ciki. Jakar ba ta son mai. Kafin mutum ya kai mota gindinta ya jiƙe, wani lokaci ya ɓarke. Wata Juma'a ta ɓarke a kan farar shaddar wani likita, shi kuma ya kai kuka wurin mijin Yaya cikin raha. Likitan ya manta da maganar kafin ya kai gida. Mijin Yaya bai manta ba.

Injiniya ne, aikinsa tsara hanyoyin iska a manyan gine-gine, kuma mutum ne da ba ya iya ganin abu yana tafiya da kansa ya ƙyale shi. Tun da aka fara sayar da ƙosan bai taɓa ɗauke wa Yaya ko tukunyar gas daga mota ba, amma daga ranar da shaddar likita ta ɓaci sai harkar ta zama tasa. Ya ce zai yi wa ƙosai kwali.

Na je gidan wata Asabar cikin hunturu na tarar da teburin cin abinci ya cika da takardu da almakashi da rula, shi kuma yana gaban kwamfuta yana juya hoton wani akwati.

“'Yar rediyo, zo ki ga abin da ake kira aiki,” in ji shi. “Ba surutu a makirfo ba.”

“Na gani, Injiniya. Asibiti za a gina wa ƙosan ko otal?”

“Ke dai ba ki san dizayin ba. Kin san abin da ke kashe ƙosai?”

“Yunwar mutane.”

“Tururi,” ya ce, yana ɗaga yatsa. “Tururi ne. In kin rufe shi ya yi gumi, in kin buɗe shi ya huce. Aikina ke nan na kullum, sai dai ginin ƙarami ne.”

Duk hunturun nan Yaya suya take yi don gwaji. Ta jiƙa wake, ta surfa, ta markaɗa, ta buga, ta soya, shi kuma ya zuba a sabon kwali ya rufe ya zauna yana kallon agogo. Kwalin farko rufaffe ne ruf, ƙosan ya fito kamar burodin da ya faɗa shayi. Na biyu ya yi masa siffar mazurari, yaji ya riƙa zuba ta tsinin. Wani ya sha mai har ana ganin hannu ta cikinsa. Yaran gidan suka kai ga in sun ji ƙarar injin markaɗe sai su haura sama su rufe ƙofa. Yaya ba ta yi ƙorafi ba. Ina jin ma ta ɗan ji daɗi, domin karo na farko ke nan da mijinta ya tsaya a kicin yana tambayarta wani abu da ita ce ta san amsarsa, ko da yake ba ya jira ta gama bayarwa.

Zan faɗi gaskiya, domin aikina ya saba mini da faɗinta ko a kan wanda ba ya burge ni: kwalin ƙarshe ya yi. Daga falle guda ake naɗe shi, babu gam, babu ƙusa. An shafa wa cikinsa wani abu mai santsi kamar kakin zuma, mai ba ya ratsawa. Gefensa akwai 'yan huji da tururi ke fita, ga ɗan aljihu na yaji a kusurwa, ga murfi mai harshe da ke shiga tsaga ya kama. Ƙosai yakan kai rabin tafiyar gida da ƙarfinsa. Da a nan aka tsaya, da yanzu labarin wani abu nake bayarwa.

Sai aka zo maganar abin da za a rubuta a jiki. Injiniya ya kira ni a waya ya ce in ba shi layi guda na Hausa mai daɗi. Na ce ya rubuta ƙosai mai zafi, a ci lafiya. Ya ce ya yi gajarta, ya ƙara “na zamani” a tsakiya. Sauran kuma ya ce sai ya yi shawara da manya.

Manyan su ne abokansa da ke taruwa a falonsa wasu ranakun Lahadi, har da likitan nan mai shadda, babbansu kuwa Farfesa ne. Yana zaune a College Park, yana koyarwa a wata jami'a, shi ne kuma shugaban kwamitin masallaci, wato shi ke raba tebura. Mutum ne da in ka yi masa sallama sai ya amsa da lacca. Ranar da suka zauna kan kwalin, ni da Yaya muna kicin. Na shiga da tiren shayi na iske Farfesa yana bayani a kan 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda za ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, su kuma kai loma baki ba tare da sun ambaci Allah ba. Na ajiye tire na fito. Daga kicin muka riƙa jin “Masha Allah, Masha Allah,” har da tafi. Da Yaya ta tambayi mijinta me aka yanke, sai ya ce ta bari sai ranar ƙaddamarwa. Haka ya kira ta, ƙaddamarwa.

Kamfanin da ya buga ba ya karɓar ƙaramin aiki, don haka kwalayen suka zo da yawa, har suka kori motar Injiniya daga gareji. Shi da kansa ya naɗe na Juma'ar farko, ya jera su a rufe a bayan mota. Da Yaya ta ɗauko ragowar tsofaffin jakunkunanta don ko-ta-kwana, ya karɓe ya mayar kicin. Ya ce ba a haɗa sabon tsari da tsoho.

Na yi musayar aiki da wani a ofis don in je in taya ta. Ana sallame salla mutane suka fito, layi ya miƙe, Farfesa a gaba da babbar riga, Injiniya a gefensa riƙe da kyamara. Yaya ta tsamo ƙosai, ta ɗauki kwalin farko ta buɗe. A cikin murfin, da koren rubutun Larabci mai kyau, an buga Bismillah cikakkiya.

Hannunta ya tsaya. Ta dube ni, na dube ta.

“Baban yara,” ta ce a hankali, “wannan fa?”

“Shawarar Farfesa ce. Yaro na buɗewa zai gani ya tuna.”

“To in an gama ci?”

“Sai a yar mana. Ai na yarwa ne, shi ne duk hikimar abin. Zuba, Malama, ana jira.”

Ya faɗi wannan da bakinsa, a gaban Farfesa, kuma babu ɗayansu da ya ji abin da aka faɗa. Ga layi, ga mai yana tafasa, ga shugaban kwamiti ya miƙo hannu, jakunkuna kuma suna can Fort Washington. Yaya ta zuba.

Babu Bahaushen da ya tashi a gida da bai san wannan ba. Tun muna yara, in ka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ko ba ka iya karanta ta ba, sai ka ɗauka ka kaɗe ka soke ta a tsagar katanga, ko ka kai wa babba ya ƙona. Ba a taka ta, ba a haɗa ta da shara. Farfesa ya san haka, likita ya sani, Injiniya ya sani. Iyayensu mata sun dungure musu kai a kan haka kamar yadda aka dungure mana. Sun dai zauna a falo ne suna jin daɗin muryoyinsu, kowa ya ga yaro yana buɗe kwali, babu wanda ya bi yaron ya ga inda zai kai shi.

Na ga abubuwa a wannan ƙasa, amma ban ga abin kallo kamar na filin motocin nan ba bayan an gama ci. Manyan mutane ne tsaye cirko-cirko, kowa da kwali mai maiƙo a hannu. Mutum zai nufi kwandon shara, ya ɗaga hannu, idonsa ya faɗa kan murfin, sai ya juyo kamar ya tuna mantuwa. Wani ya naɗe nasa ya tura a aljihun kaftani. Wani ya duba bangon masallacin yana neman tsaga, bangon Amurka kuwa ba shi da tsaga. Yara ba su tsaya wannan shawara ba, suka cinye suka jefa. Haka wata nas 'yar Jos da ke tsayawa kowace Juma'a ta sayi ƙosai kafin ta wuce aiki, haka ma'aikatan wurin wanki. Kwandon ya cika da koren rubutu a cikin ɓawon lemo da gwangwanayen lemon kwalba. Iska ta ɗauki ɗaya ta kai ƙarƙashin wata mota, motar ta ja baya ta bi ta kansa.

Wani tsoho daga Maraɗi da ya zo ganin ɗansa shi ya sunkuya ya ɗauko shi. Ya riƙe shi yana kaɗe ƙasa. Sai ga muryar Farfesa ta cika filin.

“Inna lillahi! Sunan Allah a shara? A ƙofar masallaci? Wa ya yarda da wannan?”

Na ɗauka wasa yake yi. Na dubi Injiniya, na ga yana nazarin takalminsa. Yaya ta ce, “Ranka ya daɗe, ai…” Mijin ya ɗago ya yi mata wani kallo, ta haɗiye sauran.

Ni ba matarsa ba ce, don haka na ce, “Allah ya gafarta Malam, ai kamar a falon Yaya na ji ana Masha Allah ranar Lahadin nan.”

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. “Baiwar Allah, ni shawara na bayar a kan tarbiyyar yara. Ban ce a zuba a shara ba.”

Ko a gidan rediyo, inda nake karanta maganganun 'yan siyasa kullum, ban cika samun jimla mai tsabta irin wannan ba.

Kwamiti ya zauna a makon. Ba a kira Yaya ba, mijinta aka kira, shi kuma ya je ya ba da haƙuri a madadinta. Aka yanke cewa an dakatar da teburin Malama har sai an tabbatar an yi wa kowane kwali abin da ya dace, wanda aka ci a ciki da wanda ba a taɓa ba. Babu wanda ya ambaci wanda ya kawo shawarar. Da na tambayi Injiniya me ya hana shi faɗa, ya ce ai ba a kunyata babba.

“Amma ana kunyata Malama,” na ce.

“Ke dai ba ki san zaman jama'a ba.”

Daga nan kwalaye suka fara dawowa. Duk wanda ya tafi gida da nasa ya rasa yadda zai yi, sai ya ƙulla a leda ya kawo. Wasu su miƙa wa Injiniya a masallaci, wasu su ajiye a ƙofar gida su danna ƙararrawa su tafi. Waɗanda muka tsince daga kwandon shara ma suna nan. Garejin ya ɗauki warin tsohon mai, tururuwa suka gano hanya.

Injiniya ya ce a ƙona. Ya tara wasu a murhun gashin nama a bayan gida ya kunna. Abin nan mai santsi da ya hana mai ratsawa ya tashi da baƙin hayaƙi mai kauri, ya tsallaka shinge. Maƙwabcin da shekara da shekaru bai wuce ɗaga hannu daga mota ba, ranar ya tako da ƙafarsa har ƙofa, ya ce in ba a kashe ba zai kira 'yan kwana-kwana. Aka kashe. Wani daga cikin manyan Lahadi ya ce ai ruwa mai gudu ma ya halatta, ga kogin Potomac nan kusa. Injiniya ya yi tunanin a kama shi a bakin kogi yana zuba kwalaye, sunansa ya shiga takardun 'yan sanda, sai ya ce wannan fatawar tana da rauni.

Abin da ya rage shi ne almakashi. Ni da Yaya muka riƙa zama a gareji duk ƙarshen mako, mu buɗe murfi, mu yanke rubutun, mu ajiye shi gefe a tsohuwar jakar tafiya. Bazara ta wuce muna yi. Yatsun Yaya suka yi kanta. Ba ta cika magana ba, sai dai wani lokaci ta ce, “Yau da Juma'a ce da yanzu na jiƙa wake,” ko ta tambaye ni ko na ji labarin jikin mahaifiyar wane. Manyan Lahadi ba su fasa zuwa ba. Suna falo, muna jin dariyarsu ta bango. Babu wanda ya taɓa leƙowa ya ce a ba shi almakashi.

Wata rana Injiniya ya shigo ya ɗauki kwali guda da muka yanke, ya ɗaga shi sama yana leƙen haske ta ramin murfin.

“Kun san wani abu?” ya ce. “Wannan ramin zai ƙara fitar da tururi. Dama na so in sa taga a sama tun farko.”

“Allah ya ƙara basira, Injiniya,” na ce. Ya amsa da amin.

Jakar ta cika da yankakkun takardu, har yanzu kuma babu inda za a ƙona su. Da hutuna ya zo na tafi da ita Katsina, na rage tsarabar mutane don ta samu wuri. Mahaifiyarmu ta sa aka haƙa ɗan rami a bayan ɗaki, ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana jefawa a wuta kaɗan-kaɗan, ta rufe tokar da ƙasa. Da na ba ta labarin yadda aka yi, sai ta ɗago ta dube ni.

“Can ba ku da malamai ne?”

“Muna da su, Inna. Har da Farfesa.”

Ina dawowa Yaya ta yi kwalliya ta sa mijinta ya kai ta College Park, ta shaida wa Farfesa an gama, ko guda bai rage ba. Ya yaba ƙwarai. Ya yi musu bayani mai tsawo a kan girman sunan Allah da hatsarin sakaci. Sannan ya ce sai dai wani hanzari: da yake ba a so wurin ya zauna haka nan, an ba wani bawan Allah riƙo na wucin gadi, kuma ga shi mutum ya saba, jama'a sun saba da shi, tayar da shi zai zama rashin adalci. Za a sa Malama cikin masu jira. Bawan Allahn nan ƙanin matar Farfesa ne. Soyayyen kaza yake sayarwa a farin kwanon roba mai kumfa, wanda ba a rubuta komai a kai ba, mai kuma yana taruwa a gindinsa kamar tafki.

Yaya ba ta sake neman tebur ba. Tana zuwa Juma'a, ta yi salla, ta ratsa filin motoci. Mutane suna ce mata Malama har yanzu, amma a tafe, domin babu inda za a tsaya. Kwalayen masu taga suna gareji. Injiniya yana zuba ƙusoshi da sukurori a cikinsu, yana nuna wa baƙi yadda murfin ke kamawa.

Wata Juma'a muna fitowa tare muka yi kiciɓis da Farfesa, yana goge man kaza a yatsunsa da hankici.

“A'a, Malama! Wallahi mun yi kewar ƙosan nan. Yaushe za a soya mana, ko a gida ne?”

Yaya ta rusuna yadda ake yi wa babba. “Sai an samu abin zubawa, ranka ya daɗe.”

Ya yi dariya sosai, ya ce Malama akwai barkwanci. Ta gyara mayafinta, muka wuce mota.